Tikitin daren Juma'a

 Ni mutumin Sukukutane ne, cikin ƙasar Arewa, can gaba da Dogon Dutsi. Na san wani zai ce: me ya haɗa mutumin Sukukutane da jirgin ƙasa? Gaskiyarshi. Mu jaki da raƙumi da amalanke munka sani, sai motar kasuwa. Amma ƙafar ɗan Arewa tana da tsawo. Da an ɗaure hatsi an kai rumbu, sai samari su rataya jaka su tafi cin rani. A can cin rani na gamu da jirgi, gamuwar kuwa ta ci mini rediyo sabuwa ful. Ga yadda anka yi.

Daminar 1984 ruwa bai yi ba. Manyanmu suna tune da ita, ita ce yunwar da ake ce ma El-Buhari. Abin da na girbe bai kai mu wata biyu ba. Da can Legas muke tafiya, to amma a shekarar nan Najeriya ta rufe iyakokinta tun watan Afrilu, ba ta buɗe ba sai cikin 1986. Saboda haka munka yi shawara mu nufi Kwatano, cikin ƙasar Benin. Mu uku ne: ni, da wana, da ƙanen mahaifinmu da muke ce ma Baba. Munka bi ta Dutsi, munka bi ta Doso da Gaya, munka haye gadar Kwara zuwa Malanbil. Daga nan bisa buhunan albasa munka zauna, cikin kaminyo, har bakin teku.

A unguwar Zongo munka sauka, a zauren wani dattijo mutumin ƙasarmu. Wana ya samu gadi, Baba shina yankan farce, ni kuwa ina dako a kasuwar Dantokpa. Wata bakwai muna tara dala-dala. Da watan Mayu na 1985 ya kama, hankali ya koma gida. Azumi ya gabato, kuma manomi in ya ji ƙamshin ruwan shuka ba ya iya barci a garin wani.

Baba ya ce wannan karo jirgi za mu shiga, bayanshi ba ya ɗaukar girgizar kaminyo tun daga Kwatano. Bari in faɗa muku kaɗan game da hanyar nan. Faransawa ne sunka shimfiɗa ta. Ta tashi daga Kwatano ta bi Bohikon da Dasa da Sabe, ta kai Faraku cikin 1936. Tsawonta kilomita 438. Niyyarsu ita ce ta kai bakin Kwara, amma a Faraku ta tsaya. Cikin 1959 anka kafa hukuma guda ta haɗin gwiwa tsakanin Nijar da Dahome, wato Benin ta yanzu, don ta riƙa kula da ita. A lokacin, kayan da ke sauka tashar jirgin ruwa don Nijar, jirgin ƙasa ke kawo su Faraku, daga nan manyan motoci su ɗauka. Kun ga ashe a lokacin jirgin nan muna da rabo cikinshi, ko da yake bai taɓa taka ƙasarmu ba.

A kwanakin nan tasha cike take. Najeriya ta sake korar baƙi cikin watan, mutane da yawa sun biyo ta Kwatano suna neman hanyar gida. Anka ce mana wanda bai yanki tikiti da wuri ba, ba zai samu wuri ba. Tikiti, wanda wasu ke ce ma biye, ita ce 'yar takardar da ke shaida ka biya. Cikinmu babu mai jin Faransanci, babu wanda ya san bihim a boko. Sai na kira ɗan mai masaukinmu, yaro ɗan shekara goma sha uku, haifaffen Kwatano, shina zuwa lakwal. Yaro ne mai ladabi. Na ƙirga mishi kuɗɗinmu mu uku, na ce:

"Ka je ka yanko mana tikiti uku na Faraku, jirgin daren Juma'a."

Ya ce: "To, Baba."

Ya tafi, ya dawo da takardu uku da canji cif-cif, ko dala ba ta ɓace ba. Na sa mishi albarka. Na naɗe takardun cikin ƙyalle, na tura aljihun ciki, tamkar laya. Ranar Talata ce. Kwana biyu takardun nan suna jikina. Akwai mai shayi a ƙofar gida da ke da kalanda rataye, akwai wani tsohon soja da ke karanta wa mutane wasiƙa. Ban nuna ma kowa ba. Ban ma tambayi yaron me anka rubuta ba. A ganina an biya, magana ta ƙare.

Mun riga mun aika ma wani direba mutumin Dutsi da ke lodi a Faraku. Ya ce zai tashi bayan sallar Juma'a, munka ba da rabin kuɗɗin mota ta hannun yaronshi. Lissafinmu ya tafi daidai: mu kwana cikin jirgi, mu wayi gari Juma'a a Faraku, mu yi salla, mu hau mota.

Ranar Alhamis bayan la'asar munka yi bankwana da mutanen Zongo. Yaron bai dawo daga lakwal ba, da ƙila ya tsai da mu. Kayanmu buhu biyu na garin rogo, da turmin atamfa na uwargida, da rediyona da na saya da kuɗɗin dakon wata guda cur. Cikin turereniya munka kutsa tarago, babu wanda ya samu sukunin duba takardar kowa. Jirgi ya yi kuka, ya ja. Ni da ban taɓa shiga ba, sai na riƙe benci da hannu biyu, Baba shina yi mini dariya.

Dare ya fara nisa, ba mu kai Bohikon ba, sai ga mai duba tikiti da fitilarshi. Na warware ƙyalle da alfahari na miƙa mishi. Ya haska, ya dube ni, ya sake haskawa. Ya sa yatsa bisa wata lamba, ya yi magana da Faransanci. Wata hajiya mai fataucin goro da ke kusa da mu ita ta yi mana tafinta. Ta ce:

"Malam, ya ce tikitinku na gobe ne."

Na ce: "Hajiya, wane irin gobe? Yau ba daren Juma'a ba ne?"

Ta ce: "A masallaci daren Juma'a ne. A wurin jirgi yau Alhamis ce, 16 ga wata. Takardarku kuwa 17 ta ce."

Tarago ya ɗauki surutu. Wasu suna cewa gaskiyarmu, ai kowa ya san daren Juma'a shi ne wanda in gari ya waye Juma'a ce. Wasu suna dariya. Ni kuwa gumi ya karyo mini. Ga mutane sun goyi bayana, amma goyon bayansu bai sauya lambar da ke bisa takarda ba.

In faɗi gaskiya, mutumin nan bai wulakanta mu ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce abu biyu ne: ko mu sauka Bohikon mu biya kuɗɗin inda munka zo da tara, mu jira jirgin gobe, ko mu biya sabon kuɗɗi har Faraku da tara a kai. Munka dubi juna. Sauka tsakar dare a garin da ba mu san kowa ba, ba mu jin harshensu, da buhuna da tsoho? Ga motar Dutsi za ta tafi da rabin kuɗɗinmu. Abin da ya rage a ɗamararmu kuwa na iri ne, don irin da munka ajiye an cinye shi tun cikin rani. Wana ya ce kuɗɗin iri ba a taɓa su. Sai idon kowa ya koma kan rediyo. Wani ɗan kasuwa ya taya ta rabin abin da na saye ta. Na sallama. Anka rubuta mana rasit, anka ba mu. Har Faraku ina jin rediyona tana waƙa a bencin baya, a hannun wani.

Cikin mota, tsakanin Faraku da Kandi, bakina bai huta ba. Na zagi yaron, na ce ɗan lakwal ne da bai san ranakun Allah ba. Na zagi mai yankan tikiti, na ce ya ga baƙi ya cuce su. Baba ya bar ni har na gaji, sa'an nan ya ce:

"Kai, me ka ce ma yaron?"

Na ce: "Daren Juma'a."

"Shi kuma me ya ce a taga?"

"Juma'a da dare, da Faransanci."

"Mai taga me ya rubuta?"

Na yi shiru. Baba ya ce: "To, wa ya yi ƙarya cikinsu?"

Babu. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da sata anka yi mini, da na san wanda zan bar ma Allah. Yaro ya kai saƙo yadda ya ji shi. Mai taga ya rubuta abin da anka faɗa mishi. Mai fitila ya karanta abin da anka rubuta. Maganar daga bakina ta fita da baki biyu, kuma ni ne na riƙe takarda kwana biyu ban bincika ba. Zuwa da kai ya fi aike, in ji mutanen da. Amma ni ko da na je da kaina, abin da zan faɗa ke nan.

Na daɗe ina juya zancen nan, kuma ga inda na tsaya. Masu jirgi ba su san abin da ke zuciyarka ba, ba su san abin da ka ce ma ɗan aike ba. Takarda kawai sunka sani. Ita ce shaida tsakaninka da su, kamar yadda dillali da shaidu suke a kasuwar dabbobi. In ka sayi sa, ka duba haƙori da kofato tun kana kasuwa. In ka ja shi har gida, bayan kwana biyu ka dawo ka ce ba shi kake nufi ba, wa zai saurare ka? Haka tikiti yake. Muddin kana tsaye bakin taga, gyara ba shi da wuya. In ka juya baya, ya fara tsada. In jirgi ya tashi, kuskuren ya zama naka kai kaɗai, ko wane ne ya fara shi.

Ba ina cewa fasinja ne mai laifi kullum ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. In masu jirgi sunka fasa tafiya, ko sunka sayar da wuri guda ga mutum biyu, ko mai taga ya rubuta abin da ba ka ce ba kuma ka nuna mishi nan take, wannan nasu ne. Kana da hakkin ka nemi a gyara ko a maido maka kuɗɗinka, kada ka ji kunya, kada ka yar da takardar. Kuma a ra'ayina, mai taga da ya ga yaro da kuɗɗin manya, ko ya ga baƙauye shina juya takarda ƙasa bisa, ya kamata shi karanta mishi da ƙarfi: rana kaza, ƙarfe kaza, gari kaza. Numfashi guda ne. Dokar da ta ce kowa shi duba takardarshi, an yi ta ne da tunanin kowa ya iya karatu, mu kuwa a lokacin ba mu iya ba. Wannan bai yi mini daɗi ba, har yau. Amma rashin jin daɗina bai maido rediyo ba. Kuma wanda bai iya karatu ba, ai shina da baki. Ni bakin ne ban yi aiki da shi ba.

Mun iso gida ana sauran kwanaki a yi ruwan shuka. Daminar 1985 ta yi kyau, alhamdu lillahi. Uwargida ta karɓi atamfarta, ta ce: "Malam, ina rediyon da ka aiko a faɗa mana?" Na ce jirgi ya ci. Wata guda mata suna yi mini dariya a bakin rijiya.

Da rani ya zo anka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu, ni ne na fara rubuta suna. Ranar da munka gama koyon lambobi na kawo ma malaminmu tikitin nan, don ban yar da shi ba. Ya ɗaga shi gaban aji ya yi darasi da shi. Abin da ya koya mana ranar nan shi zan maimaita muku, don ya yi mini amfani fiye da sau goma.

Mu a wurinmu rana tana farawa da faɗuwar rana. Shi ya sa dare ke riga wuni: daren salla shi ne kafin a hau idi, daren Juma'a shi ne Alhamis bayan magariba. A takardar gwamnati da ta jirgi da ta asibiti, rana tana farawa ne ƙarfe 12 na tsakar dare. Saboda haka in za ka yanki tikiti, kada ka ce daren kaza. Ka ce Alhamis, 16 ga wata, da magariba. Lambar wata ba ta da baki biyu.

Sai agogo. Masu takarda ba su cika rubuta safe ko yamma ba, suna ƙirga awa har 24. In ka ga 7, ƙarfe bakwai na safe ne. In ka ga 19, ka cire 12, saura 7, wato bakwai na magariba. 14 ƙarfe biyu ne na azahar. Wanda ya fi kama mutane shi ne na bayan tsakar dare. In takarda ta ce Juma'a ƙarfe 1, to Alhamis za ka yi sallar lisha a tasha. In ka bari sai ka yi sallar Juma'a, jirginka ya tafi tun kana barci. Ga masu zuwa nesa kuma: agogon Nijar da Najeriya da Benin ɗaya ne, amma na Burkina Faso da Togo da Gana da Kodebuwa shina bayan namu da awa guda. Kwanan wata kuwa, a ƙasashenmu rana ake fara rubutawa, sa'an nan wata. 6/7 shi ne 6 ga watan 7. Bayan wannan ka duba sunan garin da za ka sauka, ka duba ko aji na ɗaya ne ko na biyu, don kowane da kuɗɗinshi.

Wani zai ce wanga tsohon labari ne. I, jirgin fasinja na Faraku ya tsaya tun cikin shekarun 2000. Hanyar da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, an fara ta 2014, an yi bikinta cikin Janairu 2016, amma bayan biki jirgi bai shiga jigilar mutane ba. Na je Doso na ga ƙarafan da idona, awaki suna kiwo tsakaninsu. Cikin Fabrairu 2021 kuma anka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. Allah shi nuna mana. Amma ko jirgi bai zo ba, tikiti ya riga ya zo. Manyan motocin safa da ke bi ta Dutsi zuwa Yamai ko Maraɗi duka da tikiti ake shigarsu, da sunanka a rubuce, da ranar tafiya.

Abin ma ya ƙara tsanani, don yanzu taga ta koma cikin wayar salula. A Najeriya jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki cikin Yuli 2016. Cikin Janairu 2021 anka fara sayar da tikitinshi ta intanet. Bayan harin da 'yan bindiga sunka kai mishi ranar 28 ga Maris 2022 ya tsaya wata takwas, da ya dawo cikin Disamba anka ce sai da lambar katin ɗan ƙasa za a sayar ma mutum tikiti. Kun ga nan babu mai taga da za ka ɗora ma laifi. Yatsanka ne ya taɓa, ko yatsan wanda ka aika. Waya kuwa ba ta tambaya ko kana nufin daren masallaci ko daren gwamnati.

Sai maganar suna, wadda mu a 1985 ba ta dame mu ba, don takardunmu ba su da suna. Yau tana damun mutane. Mutum guda a gida ana ce mishi Mamman, a katinshi an rubuta Mahamadou irin rubutun Faransanci, ɗan aike kuma ya je ya ce Muhammadu. Mai duba takarda zai ga mutum uku. In za ka aiki yaro, ka ba shi katinka shi kwafa harafi bayan harafi, ko da kai kana ganin ba haka ake kiranka ba.

Bara waccan zan je Yamai ganin likitan ido, jikana ya ce zai kama mini wuri a mota ta waya. Na ce to, amma zauna nan. Na sa ya karanta mini da ƙarfi, sau biyu. Na ɗauko tabarau na duba da kaina. Ya ƙosa, ya ce: "Kaka, ai na iya." Na ce na sani, wancan ma ya iya.

Wancan yaron kuwa mun sake gamuwa. Cikin 1988 na koma Kwatano, na sauka zaurensu, ya zama saurayi. Ashe labari ya iske shi tun a bakin direban Dutsi, kuma mahaifinshi ya yi mishi faɗa mai tsanani saboda mu. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Na kira shi gaban mahaifin nashi na ce ba shi da laifi, ni ne ban iya aike ba, shi yafe mini zagin da na yi mishi a hanyar Kandi, wanda bai ma ji ba. Da lokacin komawa ya yi ya ce zai je shi yanko mini tikiti. Na ce a'a, mu dai tafi tare. Na tsaya bakin taga na faɗi lambar rana da Hausa, shina juyawa da Faransanci. Da anka miƙo takarda na matsa gefe, mutanen baya suna tsaki, na bi ta da yatsa har ƙarshe kafin in sa aljihu.

Tsohon tikitin shina nan cikin gwangwanin da nake ajiye takardun gona. Rubutun ya kusa gogewa, amma 17 ɗin tana fita.